Yatsa Ɗaya a Gefen Hanci

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da wata Asabar da na kusa tura wata tsohuwa ɗakin tiyata da birona, alhali ba wuƙa take buƙata ba. Ku da kuka shigo aikin ido kwanan nan, ku matso ku ji, don kuskuren da na tafka ranar ba na rashin ilimi ba ne. A lokacin na haura shekara ashirin ina aikin, ina kuma ganin babu abin da majinyaci zai ɓoye mini.

Bari in fara da yadda aka yi na tsinci kaina cikin Armeniyawa, tunda na san za ku tambaya. Ni nas ce ta ɓangaren ido. A Kano na yi karatu na fara aiki, aure ya kawo ni New York, na sake zama jarrabawa na samu lasisin nan, muka yi zamanmu a Mount Hope. A asibitin da nake aiki akwai babban likitan ido, Dokta Aram. A nan Amurka aka haife shi, amma kakanninsa mutanen Armeniya ne, wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu da ke maƙwabtaka da Turkiyya da Iran. Kowace shekara yakan ɗauki hutunsa, ya tara likitoci da nas-nas 'yan sa kai su tafi can, su bi ƙauyuka da babbar mota cike da kayan aiki, suna cire yanar ido, suna duba masu ciwon sukari da masu hawan jinin ido kyauta. Ni ban taɓa bin su ba, rainon 'ya'ya ya riƙe ni. Amma akwai rabin aikin da ake yi a nan. Asabar ɗaya a kowane wata, a zauren ƙasa na wani cocinsu a Queens, ana duba tsofaffin da 'ya'yansu suka ɗauko daga gida, yawancinsu babu inshora, babu Turanci. Ranar da Dokta ya nemi in shiga, ce masa na yi ni ko gaisuwarsu ban iya ba. Ya ce ba gaisuwa ya kira ni in yi ba, awo zan yi. Na ce to, shi ke nan na maƙale.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Teburi uku ne. A na farko matan coci ke rubuta suna su ba da lamba. Na biyu nawa ne: in gwada ƙarfin gani, in auna matsin ido, in cike fom na tambayoyi. Na uku na likita ne, shi ke leƙa cikin idon ya yanke hukunci. Don wanda bai sani ba, ido yana da ruwa a cikinsa, in ruwan ya kasa fita yadda ya kamata sai ya taru ya danne jijiyar gani, ya yi ta cin ta a hankali ba ciwo ba ƙaiƙayi. Shi ne hawan jinin ido, wato gilakoma. Awon lafiyayyen ido ba ya wuce ashirin da ɗaya. Abin da cutar ta cinye kuwa ya tafi har abada, iyakar ƙoƙarinmu mu tsare abin da ya rage, da maganin ɗigawa ko da tiyata. Na'urar da nake auna matsin da ita a zauren 'yar ƙarama ce ta hannu, taɓa idon kawai take yi, ba sai an ɗiga komai ba. Ku riƙe wannan, da sai an ɗiga wani abu da tun da safe asiri ya tonu.

Shekarar ce azuminmu na Ramadan ya faɗo daidai da babban azumin da suke yi kafin Ista. Da safe ina ɗaura takalmi maigidana ya bi ni da ido.

"Ke dai ba kya jin magana," in ji shi. "Shift biyar kika yi a satin nan, ga azumi, weekend ɗin ma sai kin tafi Queens? Train biyu fa za ki hau."

"Abban Yusra, lada nake nema."

"Ladan ma ai da ƙarfin jiki ake nemansa. In kika faɗi a subway kada ki kira ni, ki kira Armeniyawanki."

Na yi dariya na fita na nufi subway ɗin, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, amma gaskiyarsa ce. Na isa da ciwon kai, irin na wanda ya saba da shayin safe, na tarar da layi har kan matattakala. Ni kuwa kun san ni, in na gaji fara'ata kan yi nisa. Burina kawai in rage layin.

Wajen ƙarfe goma aka kawo mini Tatik Araksi. Tatik a yarensu kaka ke nan, kowa haka yake kiran ta. Shekararta tamanin da ɗaya, 'yar mitsitsiya, kullum cikin baƙar riga da ɗankwali, da ƙaramin gicciye a wuya. Idonta na dama ya daɗe da mutuwa. Na hagun ma tawagar Dokta Aram ce ta tsinto shi a ƙauyensu yana gab da tafiya, aka ɗora ta a kan magani, daga baya 'yarta Anush ta ɗauko ta ta dawo da ita nan. Anush ta ba hamsin baya, a gidan burodi take aiki, ita ce ke yi mana tafinta tsakaninmu da uwar. Da wannan ido ɗaya Tatik ke saƙa safar ulu tana raba wa jama'a. Ni ma ina da tawa, ja da fari, har yanzu ita nake sawa in sanyi ya tsananta.

Na auna idon, na ga talatin da huɗu. Na ce ƙarya ne, na sake. Sau uku ina yi amsa ɗaya. Wata biyu da suka wuce goma sha biyar na rubuta da hannuna. Na dubi Anush na ce, "Tana sa maganinta kuwa?" Ta juya ta tambayi uwar, tsohuwa ta gyaɗa kai da ƙarfi. Anush ta buɗe jaka ta zube mini kwalabe uku, ta ɗaga su a haske in ga yadda suka ragu. Ta ce da idonta take ganin ana ɗigawa kullum, kuma ba ta taɓa bari ya ƙare ba ta karɓo wani ba. Na duba, haka ne, maganin yana tafiya daidai lissafi.

To ga inda na yi ɓarna. A fom ɗin, ƙarƙashin tambayar ko majinyaci na sa magani, akwai wata tambaya: da ƙarfe nawa yake sawa? Ban yi ta ba. Na kwafo abin da likita ya rubuta a jikin kwalaben, safe, rana, dare, na cike gurbin da kaina, na sa hannu, na ce na gaba.

Dokta Aram ya daɗe yana leƙen idon. Da ya ɗago na ga fuskarsa ta canza. Ya kira ni gefe ya ce magani uku, ana sa su daidai bisa ga fom ɗina, amma matsin ya ninka, jijiyar kuwa saura kaɗan. Ma'ana magani ya gaza. Sai tiyata, cikin satin nan, a buɗe wa ruwan hanya. Ku sani, tiyatar tana aiki, amma a idon tsohuwa, ido ɗaya tal, wanda jijiyarsa ta kusa ƙarewa, likita da kansa ba ya shiga da sakakkiyar zuciya. Akwai wanda ake buɗewa ɗan hasken da ya rage ya tafi gaba ɗaya. In kuma aka bari a haka, 'yan watanni sun isa.

Da aka fassara wa Tatik, ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi na daman ma aiki aka yi masa a wani asibiti can gida tun tana da ƙarfinta, aka kwance bandeji ba ta sake gani da shi ba. Ba za ta ba da na biyu ba. In makanta ce, a mayar da ita ƙauye ta makance a ɗakinta, inda ta san wurin kowane cokali. Anush ce ta fashe da kuka. Dokta ya miƙo mini takardar tura majinyaci babban asibiti, ya ce in cike, in kuma yi ƙoƙari in shawo kansu kafin a tashi.

Ina cikin cike takardar rana ta take, matan coci suka shimfiɗa abinci. Armeniyawa a harkar ciyar da baƙo kamar matan cikin birnin Kano suke, in ka ce ka ƙoshi ka zage su. Saboda azuminsu babu nama, babu madara, sai wake iri-iri, da burodinsu mai faɗi kamar gurasa, da wani busasshen ɗan itace mai launin ruwan goro da suke ji da shi kamar yadda muke ji da dabino. Ina duƙe sai na ji an dafa kafaɗata. Tatik ce, da duk halin da take ciki, ta cika faranti ta lallaɓo ta kawo mini. Na ce Anush ta ba ta haƙuri, azumi nake yi. Tsohuwa ta tsaya ta ƙura mini idon nan nata. Ta tambaya har zuwa yaushe. Na ce sai rana ta faɗi. Har da ruwa? Na ce har da ruwa. Sai ta bugi ƙirjinta da tafin hannu, fuskarta ta washe, ta faɗi wata kalma.

"Cewa take ita ma haka," in ji Anush, tana share ido. "Mu dai nama da madara muke bari. Ita kuwa irin na tsofaffin ƙauye take yi, yadda kakarta ta koya mata. Ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai yamma."

Biron ya tsaya a hannuna. Ba tsohuwar nake gani ba a lokacin, mahaifina nake gani.

Babana tela ne a Fagge, Allah ya jiƙansa. Ina makarantar koyon jinya aka gano yana da wannan cuta, ni ce ma nake karɓo masa magani, ina ta jin kaina ƙaramar likitar gida. Duk zuwana sai na tambaye shi, "Baba, kana sawa?" Ya ce, "Ina sawa, Rabi." Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Sai bayan da ya kasa zura zare a allura, ya kasa gane fuskokinmu, Inna ta faɗa mini cewa duk ranar da yake azumi ba ya ɗigawa sai bayan isha, don yana jin ɗacin maganin a maƙogwaro. Baba kuwa mutum ne mai azumi: Ramadan, Sitta Shawwal, Litinin da Alhamis, har da na tsofaffi. Rabin shekara bakinsa a rufe yake. Shekara goma sha ɗaya ya yi a duhu kafin ya rasu. Tun daga nan duk Musulmin da ya zauna gabana cikin Ramadan sai na titsiye shi da tambaya. Amma da na ga gicciye a wuyan Tatik ko a mafarki ban kawo ba. A kaina azumin da ke hana haɗiyar ruwa namu ne mu kaɗai.

Na ture takardar, na jawo kujera na zaunar da ita. Na ɗauki kwalba ɗaya daga cikin ukun, wadda na san halinta, na ce Anush ta tambaye ta ko tana jin ɗanɗanonta. Tsohuwa ta yamutsa fuska, ta shafa wuyanta daga sama zuwa ƙasa. Na ce, "To yau da safe da ƙarfe nawa ta ɗiga?" Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin ɗankwali. Sai ta fara magana a hankali, Anush na fassarawa.

Ashe tun da azuminsu ya kama, sati huɗu ke nan, ba ta ɗiga komai da rana. Anush tun asuba take fita gidan burodi, ba ta dawowa sai yamma, lokacin da tsohuwa ta buɗe baki. A nan sai ta jera kwalaben, ta ɗiga na safe, ta bi da na rana, ta ƙara da na dare, duk a zama ɗaya, wai ramuwa take yi. Shi ya sa 'yar ke ganin ana sawa, shi ya sa kwalabe ke raguwa daidai. Ido kuwa ɗigo ɗaya yake iya riƙewa. Na biyu ya wanke na farko, na uku ya wanke na biyu, sauran duk kumatu ne ke sha. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tambayar da aka yi mata ita ta amsa.

Na tashi na nufi teburin Dokta. Ba ƙaramin abu ba ne nas mai shekaruna ta ce wa likita fom ɗin da ya dogara da shi ya yanke hukunci ita ce ta cike shi da ka. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa, "Dokta, lokutan da ke cikin fom ɗin nan ni na rubuta, ban tambaye ta ba. Azumi take yi, ba ta sa magani da rana."

Ya ajiye cokalinsa. "Rabi, mu fa ba irin azuminku muke yi ba. Nama kawai ake bari."

"Kai ne ba ka yi, Dokta. Ita tana yi."

Kunnuwansa suka yi ja. Na ɗauka zai yi faɗa, kuma da ya yi da bai zalunce ni ba. Sai ya miƙe ya je ya durƙusa gabanta ya tambaye ta da yarensu. Ya dawo yana girgiza kai, ya ce shekara nawa yana zuwa ƙauyukan nan, da rani yake zuwa, bai taɓa riskar azumin ba. Ya ce ga abin da za a yi: a ɗiga mata magani yanzu yadda ya dace, a sake awo bayan awa biyu. In ya sauka, a dakata da maganar tiyata. In bai sauka ba, takardar na nan.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Tatik ta ce a'a, rana ba ta faɗi ba. Aka roƙe ta, ta rufe idon da tafin hannu. Aka aika sama aka kira limamin cocin, wani mai gemu baƙi wuluk da bai wuce arba'in ba, Fada muke ce masa. Fada ya zauna ya yi mata bayani cikin ladabi cewa magani ba ya karya azumi, marar lafiya ma an ɗauke masa. Ta saurare shi har ya gama, ta kama hannunsa ta sumbata, ta faɗi wata magana da ta sa matan da ke tsaye suka toshe baki. Na matsa wa Anush ta fassara mini. Wai cewa ta yi, Fada ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa ilimi, amma ba a maƙogwaronsa ɗacin ke sauka ba.

Daga nan sai ta juyo kaina, ta nuna ni da yatsa.

"Tana tambaya," in ji Anush, "ke da kike azumi irin nata, za ki yarda a ɗiga miki?"

Nan fa tsohuwa ta kama ni. Gaskiyar magana, ni ma ina da maganin bushewar ido, kuma in Ramadan ya zo sai dare nake sa shi. Na san malamai sun yi saɓani a kai, na san da yawa sun ce ba komai, amma abin da aka raine ka a kai ba ya fita da karatu. Ina koya wa majinyata dabarar da ke hana magani sauka wuya, ni kuwa ban taɓa gwada ta a kaina da azumi a bakina ba. Kunya ta kama ni. Na ce a faɗa mata zan yi, a gabanta, kuma zan nuna mata hanyar da ko ɗigo ba zai wuce ba.

Ga dabarar, ku ma ku riƙe. A kusurwar ido ta gefen hanci akwai 'yar ƙofa da hawaye ke bi su sauka hanci, daga nan su wuce maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka ke jan majina. In ka ɗiga magani ka rufe ido, ka danne wannan kusurwa da yatsa minti uku, ka goge abin da ya rage kafin ka ɗaga, ka toshe hanyar. Maganin ma ya fi zama a idon ya yi aiki. Amma tsohuwar da ta ƙi maganar limaminta ba za ta karɓi tawa da baki ba. Sai na tuna da ruwan rini mai launin rawaya da muke ɗigawa don duba ƙujewar ido, wanda ba ya cutar da kowa. Na dubi Dokta na ce, "Kai da ka ci ka ƙoshi, ara mana hancinka."

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai musa ba. Aka jera kujeru biyu, ni da shi, mata sun kewaye mu. Aka ɗiga masa rinin ya zauna yana ƙifce-ƙifce. Aka ɗiga mini, na yi bisimilla, na rufe ido na danne. Fada ne ke duba agogo. Minti ukun nan sun yi mini tsawo. Ina cikin duhu ina cewa ya Allah kada ka kunyata ni, ga azumina, ga idon baiwarka. Da lokaci ya cika na goge, na ɗaga yatsa, na haɗiyi yawu. Ban ji komai ba.

Aka ƙara 'yan mintuna, aka miƙa mana farin tishu kowa ya fyace. Babban likitan da ake layi wata da watanni kafin a gan shi ya fyace hanci a gaban matan coci, sai ga rawaya a tishu. Zauren ya ɗauki dariya, har Fada sai da ya riƙe ciki. Nawa kuwa fari fat. Tatik ba ta yi dariya ba. Ta karɓi tishun biyu ba ƙyama, ta kai su dab da idonta na hagu, ta duba wannan, ta duba wancan, ta sake dubawa. Gani ya kori ji. Ta ajiye su, ta gyara zama, ta ɗaga haɓa sama.

Na fara da mai ɗacin. Na ɗiga, na kama yatsarta na ɗora a gurbin da ya dace. Anush ta ce matsalar ita ce a gida ba ta iya ganin agogo da ido a rufe. A nan Fada ya yi rana. Ya ce ta karanta addu'arsu ta kullum, ya ƙirga mata sau nawa zai cika minti uku, suka fara tare da ƙaramar murya. Da suka gama na goge mata, ta buɗe ido, ta haɗiyi yawu sau biyu, tana sauraron wuyanta kamar mai jiran sallama a ƙofa. Sannan ta girgiza kai. Babu. Na jira minti biyar na ɗiga na biyun.

Awa biyun da suka biyo baya na ci gaba da duba sauran jama'a, kuma ku tabbata ba wanda ya wuce teburina ban tambaye shi ƙarfe nawa yake sa magani ba. Har na tsinci wani dattijo mai irin wannan ramuwar. Na samu lungu tsakanin kujerun da aka jingine na yi sallah, ban san adadin addu'ar da na yi ba. In awon bai sauka ba, ga tiyatar da ta rantse ba za ta yi ba, ga ni na tara mata jama'a a banza.

Ƙarfe huɗu na ɗauki na'ura. Na auna idon Tatik. Ashirin da uku. Na sake, ashirin da biyu. Na sake, ashirin da uku. Na miƙa wa Dokta ya auna da kansa. Ya dubi lambar, ya saki wani dogon numfashi, ya ɗauki takardar tiyatar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya ce bai yaga ba tukuna, a kawo ta asibiti ranar Alhamis. Ni dai kujera na nema na zauna. Daɗin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba, sai da Anush ta rungume ni na gane hawaye nake yi.

Za mu tashi Tatik ta ƙulle mini busasshen ɗan itacen nan a tishu, ta cusa a aljihun rigata, ta nuna sama alamar sai rana ta faɗi. Da shi na buɗe baki a gida. Maigida ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ce, "Yau kuma dabinon Armeniya aka samu? To ba ki faɗi a subway ɗin ba ke nan." Na ce saura ƙiris in faɗi, amma ba a subway ba.

Ranar Alhamis awon ya nuna goma sha shida. Dokta ya kira ni ofishinsa, ya fiddo takardar ya yaga a gabana. Bai sake tayar da maganar fom ɗin da na cike da ka ba, sai dai ya sa aka ƙara layi ɗaya a fom ɗin da ake amfani da shi a Queens da wanda suke tafiya da shi ƙauyukan Armeniya: kana azumi? Kuma duk nas ɗin da za ta bi tawagar sai an turo ta wurina na koya mata danne gefen hanci. Tatik ta kammala azuminta cif, ba ta sha ko ɗaya ba, kuma har yau da idon take saƙa. Ba mu da yare ɗaya ni da ita. In ta hango ni a zauren sai ta ɗora yatsa a gefen hancinta, ni ma in ɗora, gaisuwarmu ke nan.

Abin da nake so ku ɗauka, ƙannena, kada ku tambayi majinyaci ko yana sa magani. Kowa yana sawa. Ku ce yaushe, ku ce nuna mini, ku kuma rufe baki ku jira amsa komai tsawon layi. Kada ku dubi wuyan mutum ko goshinsa ku yanke abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Mutanen da muke dubawa ba taurin kai gare su ba, akwai abin da suke tsoron rasawa wanda ya fi musu ido, aikinmu mu nemo hanyar da za su tsira da duka biyun.

Duk shekara, Juma'ar ƙarshe kafin Ramadan, nakan tsaya a sashen mata na masallacinmu in nuna wannan dabara, maigida kuma ya nuna wa maza. Minti uku ne da yatsa ɗaya. Sau da yawa in na rufe idon ina nunawa, Baba nake gani zaune kan keken ɗinkinsa yana laluben kafar allura, yana ce mini, "Ina sawa, Rabi." Tambaya ɗaya ce ta rage in yi masa, ban yi ba. Shi ya sa nake yi wa kowa.